Ɗan Hakin Da Aka Raina: Yadda Dunƙule Lambobi Ke Ɓata Jimilla A Manhajoji

Duk wanda ya taɓa haɗa albashin ma'aikata ko sakamakon ɗalibai a Excel ya san wannan abin takaici: gurabe uku kowanne yana nuna 10, amma jimillar da ke ƙasa ta nuna 31. Mai duba takardar zai ce kwamfuta ta yi kuskure, ko kuma akawu ya yi coge. Alhali abin da ke cikin kowane gurbi 10.4 ne. An umarci manhajar ta ɓoye lambobin bayan ɗigo, ta ɓoye su daga ido, amma ta ci gaba da lissafi da su. Uku sau 10.4 ya ba da 31.2, allo kuma ya nuna 31.

Wannan ƙaramin saɓani shi ne tushen wata matsala da ke ratsa na'urorin POS, manhajojin banki, rasit na manyan shaguna da shafukan duba sakamakon jarrabawa. Dunƙule lamba, wato mayar da 7.425 ta koma 7.43 ko 7, abu ne da ba makawa sai an yi shi, domin babu mai biyan rabin kwabo. Sai dai yawancin masu rubuta manhaja suna barin wannan hukunci a hannun kwamfuta, ta yi yadda ta ga dama. Hakan sakaci ne. Inda za a dunƙule lamba, da sau nawa za a yi, da ɓangaren da za a karkata, hukunci ne da ya shafi kuɗin mutane da haƙƙinsu. Ya kamata a yanke shi da gangan, a rubuta shi, kuma a sanar da mai amfani da manhajar.

Dunƙulewa daban, datsewa daban

Hanyoyi biyu aka fi bi wajen rage lambobin bayan ɗigo. Ta farko ita ce dunƙulewa zuwa lamba mafi kusa, kamar yadda ake koyarwa a firamare: 4.3 ta koma 4, ita kuwa 4.8 ta koma 5. Ta biyu ita ce datsewa, inda ake yanke wutsiyar lamba a jefar ba tare da an duba girmanta ba: 4.3 ta koma 4, ita ma 4.8 ta koma 4.

A kan lamba ɗaya bambancin bai taka kara ya karya ba. Sai an zo tarawa ake ganin aikinsa. Idan ana dunƙulewa zuwa mafi kusa, wani kuskuren yana hawa sama, wani yana sauka ƙasa, don haka suna cinye juna. Idan kuwa datsewa ake yi, kowane kuskure ƙasa yake sauka, babu mai rama wa wani.

A ɗauki ciniki 10,000 da kowannensu ke da ɓurɓushin kwabo a ƙarshensa. In datsewa ake yi, ana asarar kimanin rabin kwabo a kowane ciniki, jimilla kwabo 5,000, wato naira 50. In kuwa dunƙulewa ake yi zuwa mafi kusa, kuma ɓurɓushin ya warwatsu ba tare da karkata ba, saɓanin da aka fi samu a jimillar bai wuce kwabo talatin ko makamancin haka ba. Lambobi iri ɗaya, ciniki iri ɗaya, amma wata hanyar ta ninka wata a kuskure fiye da sau ɗari.

Kasuwar hannun jari ta Vancouver a ƙasar Kanada ta ɗanɗana wannan. A watan Janairun 1982 ta ƙaddamar da sabon ma'aunin farashi da ya fara daga maki 1,000. Kwamfuta tana sake lissafa shi bayan kowane ciniki, kusan sau 3,000 a rana, kuma a kowane karo tana datse sakamakon zuwa lambobi uku bayan ɗigo, sannan ta ɗora lissafi na gaba a kan wanda ta datse. Abin da ake zubarwa kowane karo bai kai kashi ɗaya cikin dubu na maki ɗaya ba. Amma da yayyafi kogi kan cika. Ranar 25 ga Nuwamban 1983 ma'aunin ya rufe a kan 524.811. Da aka sake lissafin yadda ya kamata a ƙarshen makon, sai ya koma 1098.892. Fiye da rabin ƙimarsa ta zurare cikin watanni 22, kuma duk tsawon lokacin masu zuba jari suna kallon adadin da ke cewa kasuwa na durƙushewa alhali ba haka ba ne.

Rigimar rabi

Ko dunƙulewa zuwa mafi kusa tana da tata matsalar, wato lambar da ta faɗo daidai tsakiya. Ina za a kai 2.5, tunda nisanta da 2 daidai yake da nisanta da 3? Dokar makaranta ta ce a hau sama. Wannan doka tana da sauƙin koyarwa, sai dai tana da son kai, domin kullum ɓangare ɗaya take fifitawa.

Ga misali: 0.5 da 1.5 da 2.5 da 3.5, jimillarsu 8 ce. Idan aka ɗaga kowacce sama za a samu 1 da 2 da 3 da 4, jimilla 10. Akwai wata dokar da ake yi wa laƙabi da dunƙulewar 'yan banki, wadda ke kai rabi zuwa lambar da ke rabuwa biyu daidai. Da ita za a samu 0 da 2 da 2 da 4, jimilla 8, daidai da gaskiya. Ita ce dokar da ma'aunin IEEE 754 na shekarar 1985, wanda kusan kowace kwamfuta da wayar hannu ke bi, ya ɗauka a matsayin ta asali.

Abin da ke rikita masu rubuta manhaja shi ne kayan aikinsu ba su yi ittifaƙi ba. Umarnin ROUND na Excel yana mayar da 2.5 ta koma 3. Harshen Python na 3 yana mayar da ita 2. Har a cikin Excel ɗin kansa, umarnin Round na harshen VBA da ake rubuta ƙananan shirye-shirye da shi yana ba da 2. Ke nan idan sashen kuɗi ya lissafa alawus a Excel, sashen fasaha kuma ya lissafa shi a Python, za su iya samun jimilla biyu mabambanta, kowa yana rantsuwa nasa ne daidai, kuma babu maƙaryaci a cikinsu.

Kwamfuta ba ta iya rubuta 0.1 ba

Akwai kuma wata dunƙulewar da ke faruwa tun kafin mutum ya ba da umarni. Kwamfuta da sifili da ɗaya take ƙirga, kuma a wannan tsari kashi ɗaya cikin goma lamba ce marar ƙarshe, kamar yadda kashi ɗaya cikin uku yake zama 0.3333 har abada a ƙirgan da aka saba. Dole ta yanke ta a wani wuri. Shi ya sa idan aka tara 0.1 da 0.2 a JavaScript ko Python ake samun 0.30000000000000004, idan kuma aka tara 0.1 sau goma ɗaya bayan ɗaya ake samun 0.9999999999999999. Ta wannan dalili ne Python ke dunƙule 2.675 zuwa 2.67, domin abin da ke ajiye a ƙwaƙwalwarta ya ɗan gaza 2.675.

Wannan ɓurɓushi ya taɓa cin rayuka. A lokacin Yaƙin Tekun Fasha, na'urar kakkaɓo makamai masu linzami ta Patriot da ke Dhahran a Saudiyya tana ƙirga lokaci ne da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, kuma tana ajiye wannan adadi a datse. Kuskuren kowane bugu ɗaya kimanin 0.000000095 ne na daƙiƙa. Bayan na'urar ta yi kusan awa 100 a kunne, bugu miliyan 3.6 ke nan, kuskuren ya taru ya kai kusan 0.34 na daƙiƙa. Makamin Scud yana cin fiye da rabin kilomita a wannan ɗan lokaci. Ranar 25 ga Fabrairun 1991 na'urar ta nemi makamin a inda ba ya nan, ya faɗa kan barikin soja, sojojin Amurka 28 suka mutu.

Manhajar kantin magani ko ta makarantar sakandare ba za ta kashe kowa ba, amma ciwon iri ɗaya ne: ƙaramin kuskure mai karkata gefe ɗaya, da ake ta maimaitawa ba tare da wani ya duba ba.

“Ai kwabo ba kuɗi ba ne”

Hujjar da aka fi kawowa ita ce, a Najeriyar yau kwabo ba ya sayen komai, ko tsabarsa ba a gani a kasuwa, don haka ɓata lokaci ne a tsaya jayayya a kansa. Hujjar tana da ƙamshin gaskiya idan ciniki ɗaya ake magana. Sai dai mutuwar kwabo a kasuwa ƙara girman matsalar ta yi, domin yanzu zuwa naira ake dunƙulewa, wani lokaci zuwa naira goma ko hamsin, kuma kuskuren ya ninku sau ɗari ko fiye.

A duba harajin VAT, wanda ya koma kashi 7.5 cikin ɗari tun watan Fabrairun 2020. Kayan naira 100 harajinsa naira 7 da kwabo 50 ne. Idan manhajar shago tana dunƙule harajin kowane kaya zuwa naira, zai zama naira 8. A kaya 1,000 an karɓi naira 8,000 a hannun masu saye, alhali harajin cinikin naira 100,000 naira 7,500 ne. Naira 500 ta fito daga aljihun jama'a, kuma babu rasit ɗin da zai nuna inda ta shiga. A kayan naira 99 kuwa abin juyawa yake yi: harajin 7.425 ne, ya sauka zuwa 7, mai shago ya yi asarar naira 425 a kaya 1,000, kuma shi zai cike giɓin ranar biyan haraji.

'Yan Najeriya sun san wannan darasi tun farkon zuwan wayar salula. Lokacin da aka fara GSM a 2001, da minti ake cajin kira, wanda ke nufin kiran daƙiƙa 61 kuɗin minti biyu ne. Dunƙulewa ce zuwa sama, kullum a kan mai kira. Da Glo ya shigo a 2003 da cajin daƙiƙa, sauran kamfanoni suka bi sahu. Canjin da aka samu a lokacin, wanda kowa ya ji a aljihunsa, canjin dokar dunƙulewa ne.

A Nijar da sauran ƙasashen da ke amfani da sefa akwai misalin yadda ake yin abin da kyau. Tun Janairun 1999 an ɗaure sefa da yuro a kan 655.957. Wannan adadi mai lambobi shida ya bi salon da Tarayyar Turai ta shimfiɗa wa kuɗaɗen ƙasashenta, inda doka ta hana a dunƙule ko a datse farashin canji yayin lissafi, sai dai a dunƙule sakamakon ƙarshe. Dalilin a fili yake. Yuro 10,000 a kan 655.957 sefa 6,559,570 ne. Wanda ya datse farashin zuwa 655 zai ba da 6,550,000, ya rage wa mai kuɗi sefa 9,570 ba tare da ya ce masa uffan ba.

Inda lamba ke yanke hukunci

Kuskuren dunƙulewa ya fi muni a bakin iyaka, inda ɗigo ɗaya ke raba wanda ya ci da wanda ya faɗi. Ɗalibi ya samu maki 69.45. Idan aka dunƙule kai tsaye zuwa cikakkiyar lamba, 69 ne. Idan kuwa malami ya fara mayar da shi 69.5 a takardarsa, sannan manhajar makaranta ta sake dunƙulewa, ya zama 70, ya haye matakin A. Wani ɗalibin da ya samu 69.44 zai tsaya a 69. Dunƙulewa sau biyu ta ba wani abin da bai samu ba. A jami'o'in da digiri mai daraja ta ɗaya ke farawa daga 4.50, makomar mai 4.496 ta rataya ne a kan ko manhajar tana datsewa ko tana dunƙulewa, kuma ɗalibai kaɗan ne suka san wacce tasu makarantar ke bi.

Tarihin siyasar Najeriya ma yana da nasa misalin. A zaɓen shugaban ƙasa na watan Agustan 1979, doka ta buƙaci wanda ya ci ya samu aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi. Jihohi 19 ne a lokacin, kuma kashi biyu cikin ukunsu 12 da biyu bisa uku ne. Alhaji Shehu Shagari ya cika sharaɗin a jihohi 12, a Kano kuma ya samu kashi 19.94 cikin ɗari. Cif Obafemi Awolowo ya kai ƙara yana cewa ba a gutsura jiha, dole adadin ya zama 13. Lauyan Shagari, Richard Akinjide, ya ce a bar adadin yadda lissafi ya ba da shi, a auna Kano da kashi biyu cikin uku na ƙuri'unta. Kotun Ƙoli ta tabbatar da nasarar Shagari a watan Satumban shekarar. Kowane ɓangare mutum ya goya wa baya, abu ɗaya ba ya canzawa: waɗanda suka rubuta dokar ba su faɗi abin da za a yi da ragowar lissafi ba, sai da shugabancin ƙasa ya rataya a kanta.

Dokar da ta kamata a bi

Shawarar da aka saba ji ita ce a bar dunƙulewa sai ƙarshe. Shawara ce mai kyau, amma rabin magana ce, kuma wanda ya bi ta ido rufe zai faɗa wani ramin. Lambobi iri biyu ne, kowanne da dokarsa.

Akwai lambar da ke kan hanya: farashin canji, kason riba, matsakaicin maki, harajin da ba a kai ga tarawa ba. Wannan ba a taɓa ta. A bar ta da duk wutsiyarta har lissafi ya kammala, a dunƙule sau ɗaya.

Akwai kuma lambar da ta riga ta zama kuɗin da zai shiga hannun wani: albashin da za a tura asusun ma'aikaci, ko adadin da aka buga a layin rasit. Wannan dole a dunƙule ta, kuma jimilla ta zama tarin lambobin da aka dunƙule. Idan ma'aikata 300 kowa ya karɓi albashinsa zuwa kwabo, abin da ya fita daga asusun ma'aikata shi ne tarin waɗannan adadi 300, ko da lissafin da ba a dunƙule ba ya nuna wani abu dabam. Takardar da layukanta ba su haɗu sun ba da jimillarta ba, ta zubar da amanar mai karanta ta, komai ingancin lissafin da ke bayanta.

Wajen rabo kuma sai a san inda ragowa za ta. Naira 100,000 tsakanin mutum uku, kowa 33,333.33, jimilla 99,999.99. Kwabo ɗaya ya yi saura, kuma dole manhaja ta ba wani shi a fili, ɗaya ya karɓi 33,333.34. Haka abin yake a jadawalin kaso cikin ɗari da ke ƙarewa a 99.9 ko 100.1: ko dai a daidaita shi ta hanyar ba wa mai ragowa mafi girma, ko a rubuta a ƙasa cewa dunƙulewa ce ta jawo.

Ga masu rubuta manhaja, maganin ɓurɓushin sifili da ɗaya sananne ne. A ajiye kuɗi a matsayin cikakkiyar lambar kwabo. Paystack haka yake karɓar adadi: naira 500 ana tura masa ita a matsayin 50000. Inda ake buƙatar lambobin bayan ɗigo, akwai decimal a Python, da BigDecimal a Java, da DECIMAL a rumbunan bayanai na SQL, dukkansu suna lissafi da goma-goma kamar ɗan Adam, kuma na Python da na Java suna ba mutum damar zaɓar dokar dunƙulewa da kansa.

Ga mai aiki da Excel ko Google Sheets, ya riƙe cewa maɓallin rage lambobin bayan ɗigo kwalliya ce kawai, ba ya canza abin da ke cikin gurbi. Wanda ke son lambar ta canza da gaske sai ya rubuta =ROUND(A1,2). Excel yana da wani zaɓi mai suna Set precision as displayed da ke tilasta wa dukkan takardar bin abin da allo ya nuna, amma yana goge wutsiyar lambobin da aka shigar har abada, don haka ba abin kunnawa ba ne a kan takardar da babu kwafinta.

Saura nauyin da ke kan hukumomi da kamfanoni. Bankin da ke lissafa kuɗin ruwa ko cajin hidima, da kamfanin sadarwa da ke cire kuɗin kira da data, da jami'ar da ke fitar da sakamako, kowannensu yana da dokar dunƙulewa a cikin manhajarsa, ko ya sani ko bai sani ba. Jimla ɗaya a ƙasan rasit ko a littafin dokokin ɗalibai ta isa ta bayyana ta: zuwa lamba nawa ake dunƙulewa, a wane mataki, kuma ina ake kai rabi. Wanda ya ga saɓanin naira biyar a takardarsa yana da haƙƙin ya ɗauki kalkuleta ya bi lissafin da kansa har ya iso inda manhajar ta iso. Idan bai iya ba saboda an ɓoye masa dokar, to gyara yana wajen wanda ya rubuta manhajar.